Gashin da Ba Shi da Zafi

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. A cikin takaba nake wannan rubutu, in kun ga magana ta karkace ku yi mani uzuri. Sunana Dije, a Batsari nake zaune, 'yata guda, Ummi, ba ta daɗe da fara tafiya ba. Maigidana zabiya ne, Allah ya jiƙan shi. Duk wadda take da zabiya a gida, miji ko ɗa ko ƙane, don girman Allah ta karanta har ƙarshe. In ba ta iya ba ta sa a karanta mata.

Asalinmu mutanen Ruma ne. Baban Ummi mahauci ne, sana'ar gidansu ke nan. A can yana da rumfar shi a gindin tsamiya, ga tukubar shi, sai la'asar ta yi sanyi yake hura wuta ya kafa tsire. Rana ba ta cika ganin shi ba. Mutum ne mai barkwanci. Abokan shi Bature suke ce mashi, shi kuma ya ce, "Ku ci gaba da yi mani rashin kunya, wata rana zan koma ƙasarmu in bar ku da tuwon dawarku."

Da 'yan bindiga suka matsa mana, yau su shigo gobe su shigo, muka kwashi abin da ya kwasu muka dawo cikin Batsari. Muka kama ɗaki ɗaya a wani gida da ke kusa da ƙarfen sabis. A nan ba shi da rumfa. Sai ya riƙa sarin nama wurin wani babban mahauci, ya gasa, ya ɗora a tire yana zagaya tasha da kasuwa tun hantsi har yamma. Ranar kasuwar Safana ya hau mashin ya tafi can. Da damina kuma in ciniki ya yi sanyi ya bi 'yan ƙwadago gona. Tiren na rufe mashi kai, amma ban da wuya da kunnuwa. Na taɓa sayo mashi malfa, ya ce shi ba bafillace ba ne da zai bi shanu, ya rataye ta a ƙusa.

Tun bazarar farko na ga ƙeyar shi ta yi ja kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta saɓule, ta warke, ta sake ja. Daga baya wasu wurare suka yi kaushi, in ka shafa kamar bayan ƙadangare. Ina shafa mashi man kaɗanya in ya yi wanka. Ban ɗauke shi ciwo ba, duk zabiyan da na sani haka fatarsu take. A bazara ta biyu ne ɗaya daga cikinsu, wanda ke ƙarƙashin kunnen hagu, ya fashe ya zama ɗan gyambo. Bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya sake yi. Kullum in zan wanke rigar shi sai na ga jini a wuyanta. Bakin gyambon kuma ya tashi ya yi tauri kamar leɓen kasko. Wannan ne ya fara hana ni sukuni, don ban taɓa ganin ciwo mai irin wannan baki ba.

Muka fara da kemis. Aka ba shi kafso, a sha wani, a fasa wani a barbaɗa. Shiru. Maƙwabta suka ce sammu ne, wai wani mai tsire ke baƙin cikin cinikin shi. Aka karɓo rubutu ya sha. Sai ga Inna, mahaifiyar shi, ta zo daga Safana inda take zaune wurin babban ɗanta Yaya Lawal. Tana shigowa tsakar gida ta ɗaga kai ta ga ƙarfen sabis.

Ta ce, "Mi ya kai ku zama gindin wanga abu? Ke ɗiyar nan ba ki gani? Ga shi nan tsaye bisa kanku dare da rana. Kuma Auta, wane kunne kake sa waya?"

Ya ce, "Na hagu, Inna."

Ta ce, "To!"

Ta karɓe wayar ta ƙulle a bakin zani. Wallahi ni ma na yarda da ita. Har na daina shanya kayan Ummi a gefen da ƙarfen yake. Shi kuma gari na wayewa ya ɗauki tire ya shiga rana, babu wanda ya ce mashi kanzil.

Da abin ya kai faɗin murfin kwalba muka je asibitin garinmu. Suna wankewa suna sa bandeji, mu dawo, mu koma. Wata nas mai kirki, Allah ya saka mata, ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, wannan ba gyambon wanki ba ne. Ku tafi Katsina, kar ku tsaya sai an gama shuka."

Yaya Lawal ya raka mu. Layi tun safe har azahar, Ummi na goye a bayana tana ta mutsu-mutsu. Suka yanki ɗan nama a bakin ciwon suka ce za a auna. Sannan aka ce a yi hoton ƙirji. Na bi shi zan shiga, mai ɗaukar hoton ya tare ƙofa.

Ya ce, "Hajiya, ke da goyo a waje. Ciki gare ki?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ko babu. Hasken nan yana ratsa nama ya kai ƙashi, ba a sa yaro a gaban shi babu dalili."

Na ce, "To shi da za ku sa fa?"

Ya ce, "Shi da dalili, kuma kaɗan ne, kamar ƙiftawar ido."

Na tsaya ina leƙe ta ƙasan ƙofa in ga hasken. Ban ga komai ba. Shi kanshi mai hoton na ji Baban Ummi ya ce bayan bango ya laɓe kafin ya danna.

Ranar da muka koma karɓar sakamako aka ce mutum ɗaya zai shiga da majinyaci. Yaya Lawal ya shiga, ni na zauna a benci ina ba Ummi nono. Ba su daɗe ba. Da suka fito na duba fuskar Yaya, sai na ga kamar ma da fara'a.

Ya ce, "Dije, ciwon daji aka ce."

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya ce, "Tsaya ki ji. Da sauƙi. Likita ya ce maganin shi gashi ne. A ɗan yanke, a yi mashi gashi."

Ya nuna mani takardar da aka rubuta masu zuwa wani babban asibiti a wata jiha, wai can injin gashin yake.

A nan ne nake so ku saurara da kyau. Shekarun baya Yaya Lawal ya taɓa faɗuwa a mashin, bayan shi ya riƙe. A asibiti aka yi mashi abin da ake ce wa gashin ƙashi. Ya kwanta ruf da ciki, a kunna wata jar fitila a kan bayan shi, ɗumi ya riƙa shigar shi, a matsa mashi, ya tashi. Ya kuma warke. Don haka da ya ji likita ya ce gashi, bai tambayi komai ba. Ya san gashi, an yi mashi.

A mota na ce, "Yaya, to me ya sa aka ce sai can mai nisa?"

Ya ce, "Ke dai Dije. Na can na lantarki ne, shi ke nan bambancin. Zafi ai zafi ne. Mu kwashi jiki mu tafi wata jiha, mu sayar da abin da ba mu da shi, don a kunna mashi fitila? Ga Baba Wanzam a Safana, tun kafin a haife ki yake gashi."

Baban Ummi na jingine da taga ya ce, "Ni da na gasa awaki ba adadi, yau ga shi an zo kaina. Alhakinsu ne."

Muka yi dariya har da direba. Maganar Yaya ta shige ni, don ni ma gashin da na sani ke nan. Wanda aka yi mani da ruwan zafi da na haihu, da wanda ake yi wa targaɗe.

Muka tare a Safana gidan Yaya Lawal. Baba Wanzam ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Shi ma asalin shi mutumin Ruma ne, shi ya yi wa Baban Ummi askin suna, shi ya yi mashi kaciya. Bai karɓi wani abin kirki a hannunmu ba. Safe da yamma yana zuwa, a tafasa ruwa da sassaƙe, ya tsoma tsumma ya danna a kan ciwon. Baban Ummi ya runtse ido. Da aka kwana biyu ana haka Baba ya ce bakin nan mai tauri shi ne uwar ciwon, tsumma ba zai kashe ta ba, sai ƙarfe.

Ni na hura gawayin. Baba ya sa ƙarfen har ya yi ja. Yaya Lawal ya riƙe kafaɗu, wani maƙwabci ya riƙe kai. Baban Ummi ya cusa hannun riga a baki. Inna ta shige ɗaki da Ummi tana ta salati da ƙarfi don kar yarinyar ta ji.

Ni matar mahauci ce, na san wannan warin. Ban taɓa zaton zan ji shi daga jikin mijina ba.

Da aka gama ya daɗe kwance bai motsa ba, gumi ya jiƙa tabarmar. Can ya buɗe ido ya ce, "Baba, ka manta yaji."

Baba Wanzam ya ce, "Ja'iri. Tun kana jariri bakinka bai mutu ba."

Abin da ya ƙara ruɗa mu, da farko kamar an dace. Wurin ya bushe ya yi baƙin ɓawo, jinin ya tsaya. Inna ta yi sadakar waina. Yaya Lawal na ce wa mutane a masallaci, "Da yanzu muna can muna bin layi." Baban Ummi ya ce zaman ya ishe shi, ya ɗaura ƙyalle a wuya ya koma talla. Damina ce, ya ce ai da hadari, rana ba ta da ƙarfi.

Ranar da ɓawon ya faɗi ni na gani da farko. A ƙarƙashin shi ciwon bai tafi ko'ina ba, faɗi ma ya yi, ya ci har gindin kunne, ya yi rami. Na shafa gefen wuyan na ji ƙulli-ƙulli kamar an cusa goruba ƙanana a ƙarƙashin fata. Aka sake ƙarfe, har sau nawa ban so in tuna. Kowane karo sai ya dawo ya fi na da. Ya fara wari, ƙuda suka gane shi. Ina zaune da mafici a gefen shi, hannu ɗaya fifita, ɗaya riƙe da Ummi kar ta kai hannu. Ya daina cin tuwo don tauna na ja mashi ciwon. Ya daina fita masallaci don kunyar warin. Haka muka cinye damina, har aka fara yankan gero.

Baba Wanzam da kanshi ya ce, "Lawal, wanga abu ya fi hannuna. Ban taɓa ganin ciwon da wuta ke ƙara ma ƙarfi ba. Ku koma wurin masu shi."

Muka koma Katsina. Wannan karon na ba wata mata riƙon Ummi a benci, na ce wa Yaya ko za a kore ni sai na shiga. Likitar da muka samu mace ce. Ta kwance ƙyallen, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Wannan tabon ƙuna ne. Wa ya ƙona shi?"

Yaya Lawal ya ce, "Gashin da kuka ce ne, likita. Mun yi shi a gida."

Ta aje abin da ke hannunta. Ta dube shi, ta dube ni. Ban ga faɗa a fuskarta ba, da ma faɗan ta yi. Ta jawo kujera ta zauna.

Ta ce, "Malam, gashin da muke nufi ba wuta ba ce. Babu zafi a cikin shi ko kaɗan. Suna ne kawai muka rasa muka ce gashi."

Ta yi mana bayani a hankali, kamar mai koya wa yara. Zan faɗa maku yadda na riƙe. Ta ce haske iri-iri ne, kuma mafi yawan shi ido ba ya gani. Akwai wanda ɗumi kawai yake kawowa, kamar na garwashi da jar fitilar da aka kunna wa Yaya, iyakar shi saman jiki. Akwai na hoton ƙirji mai ratsa nama. Akwai wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ake saitawa a kan daji ya kashe shi daga ciki, shi ne gashin asibiti. Ƙarfe mai zafi kuwa saman ya ƙona, saiwar na ƙasa tana tafiyarta.

Na ce, "Likita, ƙarfen sabis ne ya sa mashi? A gindin shi muke. Ko waya?"

Ta ce, "A'a. Na ƙarfe da na waya ba su da ƙarfin da za su yi wannan. Rana ce."

Na ce, "Rana? Wannan ranar da kowa ke shiga?"

Ta ce, "Ita. Kuma ba zafinta ba ne. A cikin haskenta akwai wani da ba a gani, ba a jin shi, shi ke lalata fata a hankali. Baƙin fatarki riga ce Allah ya sa maki. Shi ba shi da wannan rigar. Ko da hadari yana ratsowa."

Ko da hadari. Na tuna duk damina yana fita da tire.

Yaya Lawal ya ce, "Da mun je tun lokacin fa?"

Ta ce, "Lokacin ƙarami ne, a wuri ɗaya yake." Ta sake rubuta takarda ta ce mu tafi cikin satin nan.

Ina gode wa matar nan har gobe. Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Likitan farko, da ya ƙara magana guda, da ya ce ba gashin wuta ba, me zai rage shi? Na san mutane sun yi mashi yawa, na ga layin da idona. Amma ya ga mutanen ƙauye a gaban shi, ya ba su kalmar da suke da tasu irinta a gida, ya ce na gaba ya shigo.

Da muka fito Yaya Lawal ya tsuguna a jikin bango, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Babban mutum mai 'ya'ya har sun yi aure. Baban Ummi ya dafa shi.

Ya ce, "Yaya, tashi, mutane na kallo. Ni ma ina wurin. Ni ma gashi na ji, kuma ni ne mai sana'ar."

Tafiyar ba ta yiwuwa da goyo. Dole na yaye Ummi ba shiri na bar ta wurin Inna. Aka sayar da awakin Inna da mashin ɗin Yaya. Mahautan Batsari suka haɗa abin da suka iya, Allah ya biya su, har wanda aka ce shi ya yi sammun ya kawo nashi. Muka wuni a mota. Nonona ya cika ya yi tauri, rigata ta jiƙe, ina kuka a cikin hijabi ban san na wanne nake yi ba.

A can muka tarar da mutane daga jihohi da yawa, kowa da tabarmar shi a baranda, duk injin suke jira. Wata rana a ce yana aiki, wata rana a ce ya tsaya sai an gyara. Likitocin suka duba shi suka ce yanka ya wuce, ciwon ya kama jijiyoyin wuya. Za a yi gashin don jini ya tsaya, zafi ya ragu. Na ce don ya warke fa? Aka ce mu yi ta addu'a. Muka yi makonni muna jira. Wata mata da muke kwana kusa da ita, mai ciwon nono, ita ta koya mani inda ake samun ruwa da inda koko ke da araha. Kafin layi ya zo kanta ta rasu.

Da namu ya zo suka zana mashi alamu da tawada a wuya suka ce kar ruwa ya taɓa. Safiyar da za a fara na ga ko kofi ya kasa riƙewa don tsoro. Duk bayanin da aka yi mana, jikin shi ƙarfen Baba Wanzam ya sani.

Ya ce, "Dije, in kika ji na yi ihu kar ki gaya wa Inna."

Ƙofar ɗakin kaurinta ya kai tsawon hannuna. Suka shigar da shi, suka fito duka, suka rufe shi shi kaɗai. Na tsaya a jikin ƙofar ina kasa kunne. Ina kuma shaƙar iska, ina jiran warin nan. Babu ihu, babu wari. Ko tafasar ruwan shayi ba a yi ba aka buɗe, ya fito da ƙafar shi.

Ya ce, "Dije, ba zafi."

Na ce, "Ba a yi ba ne?"

Ya ce, "An yi. An gama. Ko ɗumi ban ji ba. Wani abu ya yi ƙara ya zagaya kaina, shi ke nan."

Ya fara dariya. Yana dariya yana cewa ko ɗumi, ko ɗumi, har ya zauna a ƙasa a gaban mutane, dariyar ta koma kuka. Duk ƙarfen da aka ɗora mashi bai yi hawaye ba, sai ranar.

Daga baya gashin ya nuna nashi ƙarfin. Wurin ya yi ja ya saɓule, miyau ya ƙafe, haɗiyar koko sai da dabara. Ya ce mani, "Kin ga ko wannan injin ya kasa mayar da ni baƙi." Amma jinin ya tsaya, warin ya ragu, ya samu barci. Na fara sa rai, ban gaya wa kowa ba. Sai tari ya zo. Aka sake hoton ƙirji, likita ya ɗaga shi a gaban fitila ya nuna mana fararen ɗigo-ɗigo a inda ya kamata ya zama baƙi. Ya ce ya kai huhu. Ya ba mu maganin rage zafi, ya ce gida ya fi mashi.

'Yan uwa, abin da nake roƙonku ke nan. Zabiyanku kar ya yi sana'ar rana, ko me za a rasa. Malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, tun yana yaro, ko ana tsokanar shi. Akwai man da ake shafawa don rana, ku tambaya a asibiti, ni sai da ya makara na san da shi. In fata ta yi kaushi ko ƙaramin gyambo ya ƙi warkewa, kar ku tsaya kemis. Kuma in likita ya faɗi magana, ko kun san kalmar, ku ce mashi wane iri. Ku ce ya nuna maku da hannu. In ya yi fushi ya yi, ku dai ku tambaya.

Muka dawo ɗakinmu na Batsari, Inna ta zo da Ummi daga Safana. Ummi ta ga uban ta ɓoye bayan Inna, ta ƙi zuwa. Ya rame, rabin fuskar a naɗe. Sai da ya yi mata kukan akuyar da yake yi mata da can sannan ta leƙo.

Ni kuma tsoron rana ya shige ni. Na rufe tagar da zani biyu. Na toshe hujin kwano da tsumma, don wani siririn haske na saukowa ta nan daidai kan katifar shi. In zai zagaya bayi sai na lulluɓe shi da bargo kamar amarya. Na san likita ya ce ya kai huhu. Na sani. Amma abin da ya rage a hannuna ke nan, sai na riƙe shi da ƙarfi. Haka ya yi kwanaki a cikin duhu.

Wata safiya bayan na ba shi magani ya ce, "Dije, fitar da ni waje."

Na ce, "Fitsari?"

Ya ce, "A'a. Hantsi nake so. Sanyi nake ji har cikin ƙashi."

Na ce, "Baban Ummi, rana ce fa. Ka ji abin da likita ta ce."

Ya ce, "Na ji. To me ya rage ta yi mani?"

Na ce ba zan iya ba. Na ce ya bari in hura mashi gawayi, in ƙara bargo. Ya juya fuska bango. Na fita na zauna bakin murhu, na ɗora ruwan da ba ni da abin yi da shi. Inna na tsintar wake a gefe, ta ji duk abin da muka ce. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗiyata, ki kai shi."

Na shimfiɗa tabarma a jikin bangon da ke kallon gabas. Ni da Inna muka tallafo shi, bai fi nauyin yaro ba. Na ɗauko bargon zan rufa mashi ya ture da hannu. Ya jingina, ya rufe ido, ya ɗaga fuskar shi sama. Fatar nan fara sol, har jijiyoyi ana gani. Ummi ta tako da kanta ta zauna a kan ƙafar shi tana wasa da yatsun shi. Ina tsaye da bargon a hannu, duk jikina na ce mani in rufe shi. Ban rufe ba.

Ya ce, "Kai, da daɗi."

Can ya ce, "Ba ta da laifi, Dije. Ita ma aikinta aka sa ta."

Ya yi barci a wurin har inuwa ta iso shi. Washegari ma muka fitar da shi, da wanda ya biyo. Ranar Alhamis bai nema ba. Kafin azahar Allah ya karɓi abin shi, kan shi a cinyar Inna, Yaya Lawal na laƙƙana mashi kalmar shahada.

Har yanzu ban cire zannuwan daga taga ba. Inna ta yi magana, na ce sai na gama takaba.

Allah ya jiƙan shi, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi. Wadda ta karanta ta sa shi a addu'a, ta sa ni da Ummi. Na gode.